Unguwarmu tana ƙarƙashin kwalta

Abin da ya rage na unguwar da na tashi a cikinta kwalbati ne guda ɗaya. Na gane shi ne da tsagewar da ke gefensa na hagu, inda muke cusa ƙafa mu ɗare. Duk sauran abin da ke wurin yanzu baƙo ne a idona: titi mai hannu biyu, filin ajiye motoci, da wani dogon bene mai gilashi wanda mai gadinsa ya ƙare mini kallo kafin ya tambaye ni wa nake nema. Na rasa amsar da zan ba shi. Da na ce masa ƙofar gidanmu nake nema, kuma bisa lissafina tana daidai inda waccan farar motar take tsaye, da ya ɗauka na taɓu. Sai na ce masa ba kowa, na yi gaba.

Unguwa ce ta 'yan ƙwadago, a matse tsakanin layin dogo da katangar wata masana'anta. Kusan kowane gida akwai mai aiki a bayan katangar nan, ko wanda abincinsa ke fitowa daga aljihun masu aiki a can, kamar mai faci da tela da mai gyaran rediyo. Ba mu da agogo a ɗakinmu, ba mu kuma taɓa jin rashinsa ba. Jiniyar masana'anta ce ke tashinmu da safe, ita ke gaya wa Inna cewa Baba ya kusa shigowa, ita ke gaya mana mu ɗauke ƙwallo mu watse kafin iyayenmu maza su karyo kwana. Idan jirgin kaya ya wuce da tsakar dare sai kwanukan kan kanta su yi ta kaɗawa, mu kuwa ko juyi ba ma yi. Baƙo ne kaɗai yake farkawa. Daren farko da muka kwana a inda muka koma, shiru ne ya hana ni barci.

Famfo ɗaya ne a duk layinmu, fitilar kan hanya mai aiki ma ɗaya ce, kuma a ƙarƙashinta na koyi haɗa baƙi fiye da yadda na koya a aji. Kowane lungu yana da suna, amma babu ko ɗaya daga cikin sunayen nan da hukuma ta sani. Mu muka raɗa su, ko iyayenmu, ko waɗanda suka riga su zuwa. Wani lungun an sa masa sunan karen da ya taɓa addabar masu wucewa, karen ya mutu tun kafin a haife ni, sunan bai mutu ba. Wani kuma sunan matar da ta fara kafa ɗaki a wurin. In wasiƙa ta zo, mai kawo ta ba ya duba lamba, don babu lambar. Yakan tsaya a bakin famfo ya kira suna, yaro ya karɓa ya ruga.

Ina da shekara goma sha ɗaya aka zo aka shafa wa bangayenmu jan fenti. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: ranar da katafila ta iso, mu yara murna muka yi. Ba mu taɓa ganin mota irinta kusa da kusa ba. Muka hau kan kwalbatin nan muna ihu duk lokacin da bango ya zube. Sai da ta juyo layinmu, na hango Baba tsaye da ƙyauren ɗakinmu a kafaɗa, ya ciro shi da hannunsa don shi ya saya da kuɗinsa, sannan ihun ya maƙale mini a wuya. Mai gidan da muke haya ya karɓi diyya. Mu da muka haura shekara ashirin a ɗakin, ƙyauren nan muka tsira da shi.

Na san abin da za a ce, don an sha gaya mini. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Za a ce ƙuruciyarka kake kewa, ba unguwar ba, kuma yaro ko a kan juji ya tashi zai tuna jujin da daɗi. Akwai gaskiya a ciki, kuma wadda ta fi kowa iya dukana da wannan gaskiyar yayata ce. Wata rana ina ta zuba labarin famfon nan, yadda muke watsa wa juna ruwa, yadda muke tseren gwangwani a kwata, sai ta katse ni.

"Kai yaro, kai wasa ka tuna. Ni bokiti na tuna. Ka san ƙarfe nawa nake tashi in kama layi?"

Na ce, "Yaya, ai duk da haka da daɗi."

Ta ce, "Da daɗi a wurin wanda aka ɗebo wa."

Ta tuna mini da makewayi ɗaya da ɗakuna tara ke rabawa, da ruwan da ke shigo mana har ƙarƙashin gado in an yi sama mai ƙarfi, da tarin da ƙanenmu ya yi ta yi saboda hayaƙin da ke tsallako katanga. Ban musa ko ɗaya ba. Amma da na tambaye ta ko ta ji daɗin rusau ɗin, sai ta yi shiru, can ta ce ita ba ta ce a rushe ba, cewa ta yi a ƙara famfo.

Wannan amsa tata ita ce gaba ɗayan ra'ayina, kuma ban taɓa jin wani masanin tsara birane ya faɗe shi a taƙaice kamar yadda ta faɗa ba. Mutanen irin wannan unguwa sun fi kowa sanin aibinta, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai ba a tambayarsu, kuma idan unguwar ta tafi, bayanin da ke saura a kanta na wanda ya rushe ta ne. A fayil ɗin hukuma unguwarmu ba ta da famfo mai layi, ba ta da lungun kare, ba ta da matar da ke karɓar haihuwa da tsakar dare ba ta karɓar ko sisi. Abin da ke ciki shi ne yawan gine-ginen da ba su da izini, da cunkoso, da haɗarin annoba. Wanda zai zo bayan shekara hamsin yana neman tarihin wurin, wannan fayil zai tarar. Shi ya sa nake ganin abin da yaran irin wannan unguwa suka riƙe a ka bai kamata a ɗauke shi a matsayin hirar tsofaffi ba. Shaida ce. Ga ɗan haya ma, ita kaɗai ce takardar da ke nuna ya taɓa zama a wurin.

Abin ba na wani gari ɗaya ba ne, ba kuma na yau ba ne. Lokacin da Haussmann, babban jami'in da gwamnatin Faransa ta ɗora wa sabunta birnin, ke farfasa tsofaffin unguwannin Paris tsakanin 1853 da 1870 yana shimfiɗa manyan tituna, hukumar birnin ce da kanta ta sa mai ɗaukar hoto, Charles Marville, ya bi lungunan da za a rushe ya ɗauke su. A birnin Glasgow na Birtaniya ma haka aka yi: hukumar gyaran birnin ta ɗauki Thomas Annan a 1868 ya ɗauki hotunan matsattsun lungunan talakawa kafin a share su. Hotunan suna nan har yau, suna da kyau ƙwarai, kuma ba don su ba da ba mu san kamannin wuraren ba. Amma ka lura da su. Kyamarar wancan zamani tana son abu ya tsaya cak na ɗan lokaci kafin ya fito, saboda haka bango da kwata da igiyar shanya sun fito raɗau, mutum kuwa in ya motsa sai ya zama inuwa, ko ya ɓace ɗungum. Laifin na'ura ne, ba na masu hoton ba. Duk da haka ban san wani misali da ya fi wannan kama da yadda hukuma ke kallon unguwar talaka ba.

Akwai wata dabara da ke maimaita kanta har ta kai mutum ya daina kiranta kuskure. A hana wuri ruwa da magudana da kwasar shara shekara da shekaru, sannan a dawo a nuna ƙazantar a ce ita ce hujjar rusau. Africville, wata ƙaramar unguwar baƙaƙen fata a gefen birnin Halifax na Kanada, ta kafu tun shekarun 1840. Mutanenta suna biyan haraji, amma birnin bai kai musu ruwan famfo ko magudanar bahaya ba. Abin da ya kai kusa da su shi ne gidan yari, da asibitin masu cututtuka masu yaɗuwa, sannan a shekarun 1950 ya matso da jujin gari gab da gidajensu. Daga nan aka ce wurin bai dace da zaman ɗan Adam ba. Tsakanin 1964 da 1970 aka kwashe mutum kusan 400, wasunsu a motocin kwasar shara aka loda musu kaya, aka rushe cocinsu a 1967. Sai a 2010 magajin garin Halifax ya fito ya nemi gafara, aka sake gina cocin aka mai da shi gidan tarihi. Abin da ya jawo neman gafarar nan ba fayil ɗin hukuma ba ne. Yaran da aka loda da kayansu ne suka girma, suka ƙi yin shiru, suka riƙa komawa filin kowace shekara suna kafa tanti a inda gidajensu suke a da.

Maroko ta Legas ma ga ta nan. A watan Yulin 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta ba mazaunanta wa'adin kwana 7, sannan katafiloli suka shiga. Ana ƙiyasta mutum 300,000 ne suka rasa matsuguni, mafi yawansu masu yi wa Ikoyi da Victoria Island aikin gadi da tuƙi da girki da leburanci. Hujjar da aka bayar ita ce wurin ya yi ƙasa da yawa, ruwa na cinye shi, zama a ciki haɗari ne. Bayan an kore su sai aka cike shi da yashi, ya koma cikin filaye mafiya tsada a ƙasar. Ashe dai ana iya cike wurin. Wasu daga cikin masu gidaje an ba su ɗakuna a Ilasan da Ikota, 'yan haya kuwa ba su shiga lissafi ba, kamar yadda Baba bai shiga ba.

Wannan batu na 'yan haya shi ya fi tsaya mini a rai. Diyya bango take ƙirgawa, da rufi, da faɗin fili. Unguwar ma'aikata kuwa galibinta haya ce, don haka wanda ke karɓar kuɗin sau da yawa ba ya ma kwana a wurin. Dukiyar ɗan haya wata iri ce da safiyo ba ya iya aunawa da igiya. Tafiyar minti goma ce a ƙafa zuwa wurin aiki, ba tare da kuɗin mota ba. Maƙwabciya ce da za ka bar wa jariri ka je asibiti. Mai kanti ne da ya san ranar albashin mijinki, ya ba ki bashi ba tare da rubutu ba. Tsoho ne a bakin layi wanda ya san wane fomanin ke neman hannu a makon nan. Waɗannan abubuwa shekaru ake yi ana tara su, kuma ba sa shiga bayan mota. Ranar da aka watsa unguwa kowa ya koma baƙo a inda ya faɗa, kuma baƙo ba a ba shi bashi.

An ma auna wannan asara, ba zancen baki ba ne kawai. A gabashin Landan, a unguwar Bethnal Green, masu bincike biyu, Michael Young da Peter Willmott, sun fitar da sakamakon aikinsu a 1957. Sun tarar matan aure na zaune kusa da iyayensu mata, suna ganinsu sau da dama a mako, uwa ce ke nemo wa 'yarta ɗaki a wurin mai karɓar haya, ita ke riƙe jikoki. Da aka mayar da wasu iyalan sababbin gidaje a Essex, tafiyar kusan mil 20, sun samu banɗaki nasu na kansu da ɗan lambu, abin da ba su taɓa samu ba, kuma sun yaba. Amma ziyara ta yanke, mata suka wuni su kaɗai a tsakanin bango huɗu masu tsabta. Zumunta a ƙafa take, kuma mil 20 ta fi ƙarfin ƙafa.

A Boston ta Amurka abin ya fi haka muni. Unguwar West End cike take da 'yan ƙwadago 'yan asalin Italiya da Yahudawa da 'yan Poland da sauransu. Wani masanin zamantakewa, Herbert Gans, ya je ya zauna a cikinta daga 1957 zuwa 1958, ya fito ya ce shi bai ga kangon da ake faɗa ba, unguwa ce mai arahar haya wadda mutanenta ke son zama a ciki. Bai hana komai ba. A 1958 aka fara rusau, aka tashi iyalai kusan 2,700, aka ce musu za su samu wuri a sababbin gine-ginen. Da aka gama sai ga dogayen benaye na masu hali, har da allo a bakin titi yana yi wa masu wucewa a mota talla cewa da a nan kake zaune da yanzu ka isa gida. Ka yi tunanin wanda aka haifa a wurin yana karanta wannan allo ta tagar bas. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Marc Fried, ya bi sawun waɗanda aka tasa, ya wallafa abin da ya gani a 1963. Kusan rabin matan da ya yi hira da su sun shiga baƙin ciki mai tsanani, irin wanda ake shiga in an yi rashi, wasu har bayan shekara biyu bai sake su ba. Da na fara jin wannan labari, Baba na tuna. Bai taɓa cewa komai game da rusau ɗin ba har ya bar duniya, amma ya daina zama a ƙofar gida da yamma, don babu wanda zai wuce ya gaishe shi da sunan da abokan aikinsa suke kiransa.

Kada a ɗauka ina cewa duk tsohon gini mai tsarki ne. Birni yana girma, dole a yi hanya, dole a yi magudana, kuma akwai wuraren da gyara ba ya kama su. Kowloon Walled City ta Hong Kong misali ce: mutum kusan 33,000 a fili da bai kai hekta 3 ba, benaye manne da juna har rana ba ta isa ƙasa, wayoyin lantarki da bututun ruwa a cakuɗe a saman kai. Ba na jin akwai mai hankalin da zai ce a bar ta haka. An rushe ta daga 1993 zuwa 1994. Sai dai an sanar tun 1987, an ƙirga mazauna, an ware dalar Hong Kong biliyan 2.7 don diyya, kuma da aka mai da wurin lambun shaƙatawa an bar sunan, an bar tsohon ofishin da ke tsakiyarta da kufan ƙofarta ta kudu. Wasu sun yi ƙorafin kuɗin bai isa ba, wasu sai da aka fitar da su da ƙarfi. Amma tsakanin wa'adin shekara shida na Kowloon da na kwana bakwai na Maroko akwai tazara mai faɗi, kuma a cikin tazarar nan ne ake gane ko hukuma mutane take gani ko fili.

Sauya suna kuwa, a ganina, shi ne mataki mafi rashin kunya, don ba shi da uzurin hanya ko magudana. A ranar 9 ga Fabrairun 1955 'yan sanda kusan 2,000 suka shiga unguwar Sophiatown a Johannesburg ta Afirka ta Kudu suka fara kwashe mutane zuwa Meadowlands, can bayan gari. Da aka share wurin aka gina wa fararen fata gidaje, sai aka raɗa masa Triomf, wato nasara. Shekara da shekaru ana kiransa haka, sai a 2006 aka maido da tsohon sunan. District Six ta Cape Town an ayyana ta a matsayin yankin fararen fata a ranar 11 ga Fabrairun 1966, aka tashi fiye da mutum 60,000 zuwa Cape Flats da ke bayan gari, aka sa mata suna Zonnebloem. Can wariyar launin fata ce a fili, doka ce a rubuce. Amma ko inda babu irin wannan doka, ka duba sunayen da ake ba rukunin gidajen da ke tasowa a kan kufan talakawa. Ba za ka taɓa jin sunan lungun kare ba. Sunan lambu za ka ji, ko na tudu, ko na wani babban mutum da bai taɓa taka wurin ba.

Abin da mutanen District Six suka yi daga baya shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. A 1994 suka buɗe gidan tarihi a wani tsohon cocin Methodist, suka shimfiɗa babbar taswirar unguwar a ƙasa, a daɓe, aka ce duk wanda ya taɓa zama a can ya zo ya durƙusa ya rubuta sunansa a inda gidansu yake. Tsofaffi suka riƙa zuwa da jikoki, suna rarrafe a kan taswira suna gardamar wane kanti ne a kusurwa. A saman kansu kuma an rataye allunan sunayen tituna na ainihi, waɗanda aka umarci wani daga cikin masu aikin rusau ɗin ya zubar a teku, shi kuwa ya ɓoye su shekaru. A 2004 Nelson Mandela ya miƙa wa tsofaffi na farko makullan gidaje a filin. Komawar tana tafiyar hawainiya, da yawa sun mutu suna jira. Amma babu wanda zai iya tsayawa yau ya ce wurin kango ne da babu kowa sai ɓata-gari, don sunayen suna nan a ƙasa da rubutun hannun masu su.

To, abin da nake nema daga masu iko ba mai yawa ba ne, kuma bai kai kuɗin kwalta kilomita ɗaya ba. Kafin a shafa jan fenti a bango, a bi ƙofa ƙofa a rubuta wanda ke kwana a ciki, ba wanda ke da takardar fili kaɗai ba, da shekarun da ya yi, da inda yake aiki. A fara tambayar ko ƙara famfo zai wadatar, kamar yadda Yaya ta ce, kafin a aika a kira katafila. In tashin ya zama dole, a tashi mutane tare, a sauke su tare, a inda ƙafa za ta iya kai su wurin neman abinci. A bar sunan. A ajiye rajistar nan a ma'ajiyar tarihi ta birnin kusa da fayil ɗin injiniya, don wanda zai zo bincike gobe ya ji bakin ɓangare biyu.

Sauran aikin kuwa namu ne, mu da muka tashi a irin waɗannan wurare, kuma a nan muna da laifi. Mukan haɗu a wurin biki ko ta'aziyya mu yi ta "ka tuna, ka tuna", mu yi dariya har da hawaye, mu watse ba wanda ya rubuta ko layi ɗaya. Wasunmu ma kunyar wurin suke ji. Na san wanda muka yi tseren gwangwani tare, yanzu in an tambaye shi inda ya tashi sai ya ambaci unguwar masu kuɗi da ke maƙwabtaka da tamu. Ban zarge shi sosai ba, an daɗe ana gaya mana cewa daga ƙazanta muka fito. Amma kowa a cikinmu yana da waya a aljihu mai ɗaukar murya. A fara da mata, don su suka san unguwar da rana, lokacin da maza ke bayan katanga. A tambayi wanda ya ɗebo ruwan kafin wanda ya yi wasa da shi. Kada a gyara labarin ya yi kyau, a bar makewayin da tarin da faɗan bakin famfo a ciki, in ba haka ba mu ma mun yi abin da fayil ɗin hukuma ya yi, mun ɗauki rabi mun zubar da rabi. In mutum biyu suka saɓa a kan inda wani abu yake, a rubuta duka biyun.

Ni na fara nawa a makare. Bayan na dawo daga wurin kwalbatin nan, na ciro tsohuwar kalanda na juya bayanta, na ja layin dogo a sama, katanga a ƙasa, na zauna kusa da Inna. Idonta ya yi rauni, ba ta ganin abin da nake zanawa, amma da na ce ta fara daga famfo ta yi gabas, sai ta rufe ido ta shiga jero ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, da mai ɗakin, da matarsa, da sashen da yake aiki, da yawan 'ya'yansa, da wanda ya mutu a cikinsu yana goye. Yaya na gefe tana gardama cewa tela ya riga mai faci, Inna ta ce mai faci ne farko, tela daga baya ya karɓi ɗakin. Na rubuta duka biyun.

A ƙofa ta bakwai ta tsaya. Ta ce tana ganin matar, doguwa, mai ɗan ɗingishi, ita ce ta ara mana fitila daren da aka haifi ƙanenmu, amma sunan ya ƙi zuwa. Na ce ko akwai wanda za mu tambaya. Ta ƙirga mutum biyu da za su sani, Yaya ta ce ɗayar ta rasu bara, ɗayan kuma tun ranar rusau ba wanda ya san inda ya nufa.

Inna ta ce, "Bar wurin fili, ɗan nan. Zai dawo mini."

Na zana ƙofar, na bar cikinta babu rubutu, muka wuce ta takwas.